Yadda Ake Fitar da Zanen Zamani Daga Tawada da Harafi

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan zane na waje suka yi wuyar samu a Sudan, kuma matasa da dama daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa na Gadarif, Kasala da Mai Wurno sun sha tambayata inda mai sha'awar zane zai samu fenti da burushi masu kyau. Amsar da nake ba su ita ce, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya riƙe alƙalami, ya dama tawada, ya ga yadda ake yi wa allon sauka zayyana, to rabin kayan aikin suna hannunsa tun yana yaro. Na shafe shekaru ina aiki da waɗannan kaya, na kuma koyar da su, don haka zan bayyana hanyar daki-daki ga wanda bai taɓa gwadawa ba.

Wannan hanya ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin addini ne, ya kuma yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya dawo gida ya baje kolin ayyukansa irin na Turai a Khartum, sai ya ga mutanen gari ba su damu da su ba. Maimakon ya yi fushi da jama'a, sai ya shiga gidaje da garuruwa yana duba abin da mutane ke ratayewa a bango da abin da suke ƙawata kayansu da shi, ya tarar rubutun Larabci ne da adon gargajiya. Daga nan ya koma kan harafi da kuma zayyanar allo, wadda a nan Sudan ake kira sharafa. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq su ne ginshiƙan salon zanen da ake kira Makarantar Khartum, wadda ta bayyana a wajajen 1960, kuma Usman Waqialla ya riga su buɗe wannan ƙofa ta ɗaukar harafi a matsayin siffa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin ayyukan rayuwar El-Salahi gaba ɗaya. Abin da ɗan koyo ke bukata daga wannan tarihi guda ɗaya ne: harafi yana da jiki, yana da kauri da lanƙwasa da sarari a cikinsa, kuma daga wannan jiki ake fitar da zane.

Kayan aiki

Na farko shi ne ƙaro. Nemi na ɗakwara, wanda ake kira hashab a kasuwa, mai haske kamar gilashi, domin na talha yana da duhu kuma yana saurin ɓarɓashewa idan ya bushe. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, saboda haka ko a ƙaramar kasuwa ba za ka rasa cikin tafi ɗaya ba. Sai baƙin hayaƙi, wanda za ka tara da kanka, da 'ya'yan bagaruwa busassu, waɗanda masu sayar da magani ke kira garad, da ƙusoshi masu tsatsa guda biyar ko shida, da khal, wato binega, kaɗan. Don launi kana bukatar jar ƙasa, ƙasa mai ruwan ɗorawa idan akwai, farar ƙasa ko alli, da bula ta wanki, wato zahra. Haɗa da zuma cokali ɗaya da kanumfari 'yan ƙwayoyi.

Na aiki kuwa su ne karan gamba ko na dawa masu ƙwari, reza sabuwa, farantin tangaran, cokali, ƙyalle mai laushi na tacewa, ƙananan kwalabe masu murfi ko kurtu, falankin katako mai santsi, salatif na takarda, da burushi ɗaya mai laushi. Idan babu burushi, auduga da aka naɗe a tsinke tana shimfiɗa ruwan launi, asuwaki da aka tauna bakinsa kuma yana ba da zane mai kaushi wanda burushin kanti ba ya bayarwa. Takarda mai kauri ita ce ta fi, amma zan faɗi madadinta a mataki na biyar.

Mataki na 1: Jiƙa ƙaro

Tsince ɓawo da yashi daga ƙaron, ka daka shi sama-sama, sannan ka zuba awo ɗaya na ƙaro da awo biyu na ruwa mai tsabta a kwalba. Kofin shayi ya isa zama ma'auni. Bar shi ya kwana, idan bai narke duka ba ka ƙara masa yini guda kana motsawa. Kada ka tafasa shi don gaggawa, ruwa mai ɗumi ya wadatar. Tace da ƙyalle, ka sa rabin ƙaramin cokali na zuma da kanumfari biyu ko uku. Zumar tana hana tawada tsagewa a wannan busasshiyar iska tamu, kanumfarin kuma yana jinkirta tsami. Duk da haka kada ka jiƙa da yawa lokaci guda, domin a zafin watan Mayu ruwan ƙaro yakan yi wari cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya yi tsami ba ya riƙe launi yadda ya kamata.

Mataki na 2: Haɗa baƙar tawada

Wannan ita ce tawadar allo da muka sani, wadda almajiran halwa, wato makarantar allo, a Sudan ke kira amar, sai dai wadda za a yi zane da ita tana bukatar laushin da ya wuce na rubutun yau da gobe. Baƙin gindin tukunya yana aiki, amma yakan zo da maiƙo da toka. Wanda ya fi shi shi ne na fitila. Zuba man riɗi a ƙaramin gwangwani, ka sa lagwani na auduga, ka kunna, sannan ka kifa farantin ƙarfe a sama da harshen wutar da tazarar yatsu biyu, bisa duwatsu uku. Bayan kamar rabin sa'a ka sauke farantin da tsumma, ka bar shi ya huce, ka kankare baƙin da gefen takarda. Yi wannan a tsakar gida inda iska ba ta kaɗawa, nesa da yara da kayan ɗaki.

Kuskuren da kusan kowane ɗan koyo ke yi shi ne zuba baƙin kai tsaye cikin ruwa. Baƙin hayaƙi ba ya jituwa da ruwa, sai ya taso sama yana yawo, ka yi ta motsawa a banza. Abin yi shi ne ka sa cokali ɗaya na baƙin a farantin tangaran, ka ɗiga ruwan ƙaro kaɗan-kaɗan kana murzawa da bayan cokali har ya zama kamar ƙullu mai kauri, sannan ka ci gaba da murza shi aƙalla minti ashirin. A nan kyawun tawada yake, kuma a nan ne yawancin mutane ke gajiya. Idan ka daina jin ƙaiƙayin tsaki a ƙarƙashin cokalin, sai ka ƙara ruwa har ya riƙa ɗiga daga bakin alƙalami ba tare da ya zubo ba.

Gwada ta kafin ka amince da ita. Ja layi a takarda, ka bari ya bushe sarai, ka goga da yatsa. Idan ya shafe, ƙaro ya yi kaɗan. Idan yana ƙyalli kamar kwalta kuma yana tsagewa in ka lanƙwasa takardar, ƙaro ya yi yawa, sai ka ƙara baƙi da ruwa. Wanda ba shi da halin tara baƙin fitila zai iya niƙa gawayi ya tankaɗe da ƙyalle, amma ya sani baƙinsa zai karkata zuwa ruwan toka.

Mataki na 3: Haɗa tawadar bagaruwa

Baƙar tawada ta mataki na biyu tana wankuwa da ruwa, shi ya sa ake wanke allo. Kana bukatar ta biyu wadda ba ta motsi, irin wadda malamanmu ke rubuta littafi da ita. Kwana uku kafin aiki ka jiƙa ƙusoshin a cikin khal kaɗan, a kwalbar da ba a rufe ta gam ba. Ran aikin ka farfasa bagaruwa cikin tafi biyu, ka cire ƙwayoyin, ka tafasa ɓawon a ruwa lita ɗaya har ya koma rabi, ka tace. Ɗebi kaɗan daga wannan ruwa ka ajiye, domin shi kaɗai launin ƙasa-ƙasa ne mai kyau. A sauran sai ka riƙa ɗiga ruwan ƙusa kana motsawa, za ka ga ya rine nan take, saboda sinadarin da ke jeme fata a bagaruwa yana yin baƙi idan ya haɗu da ƙarfe. Ƙara ruwan ƙaro cokali biyu.

Tana hawa takarda da haske-haske, sannan ta yi duhu bayan ta sha iska, don haka kada ka ruɗu ka yi ta ƙara ruwan ƙarfe. Idan ƙarfe ya yi yawa, tawadar tana cin takarda a hankali har layin ya huje bayan shekaru. Kada kuma ka yi amfani da tukunyar girki.

Mataki na 4: Tace launin ƙasa

Daka jar ƙasar, ka zuba a ruwa, ka motsa sosai, ka jira minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan ka tsiyaye ruwan mai launi a wani kwano. Bar shi ya kwana, ka zubar da ruwan sama, ka shanya laushin da ya kwanta. Wannan gari shi za ka murza da ruwan ƙaro kamar yadda ka yi wa baƙin hayaƙi. Haka ake yi wa kowace ƙasa. Inda babu jar ƙasa, gutsuren jan bulo irin wanda ake gasawa a bakin Nilu yana ba da ja mai daɗi idan an niƙa shi da kyau. Ina gargaɗi game da zoɓo: jansa yana burge ido ran farko, amma yana dusashewa zuwa toka-toka cikin ɗan lokaci. Shayi da gahawa sun fi shi daɗewa, ƙasa kuwa ta fi su duka.

Mataki na 5: Feƙe alƙalami da shirya takarda

Feƙe alƙalami uku: ɗaya mai baki siriri kamar na wasali, ɗaya matsakaici, ɗaya mai faɗin kusan farce. Yanka bakin a karkace, ka tsaga shi kaɗan a tsakiya domin tawada ta samu hanya, sannan ka ɗora a katako ka datse ƙarshen da sara ɗaya. Bakin da aka datse sau biyu yana ja da layi biyu.

Idan za ka sa ruwan launi, jiƙa takardar ta sha ruwa kaɗan, ka shimfiɗa ta a falanki, ka manne gefunanta huɗu da salatif, ka bari ta bushe a inuwa. Za ta miƙe kamar fatar ganga kuma ba za ta kumbura ba daga baya. Idan babu takardar zane, kada hakan ya tsayar da kai. Bayan ambulan, cikin kwalin magani, da fallen tsakiya na buhun siminti duk suna ɗaukar tawada. A 1975 an tsare El-Salahi a kurkukun Kobar wata shida ba tare da shari'a ba, kuma a kan guntayen takardar buhun siminti ya riƙa zane yana binne su cikin yashi don kada a gani. Da ya tsufa a Ingila ma ya yi ɗaruruwan ƙananan zane a kan ambulan da kwalayen magani. Mai son yadi kuma ya nemi damuriyya, saƙar audugar Sudan wadda El-Salahi ma ya yi babban aiki a kanta, ya wanke ta, ya ɗaure a firam, ya shafa mata farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa aka haɗa da alli, hawa biyu, yana bari kowane hawa ya bushe.

Mataki na 6: Karya harafi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ina roƙon ɗan koyo ya ba shi mako guda aƙalla kafin ya wuce gaba. Kafin komai, shawarata ita ce kada ka yi gwaji da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, domin takardun gwaji suna faɗuwa ƙasa, iska tana kwashe su, wasu kuma yagawa za ka yi. Harafi tilo ya ishe ka.

Zaɓi harafi ɗaya daga babbaƙun da ka koya, misali nun ara, ko ɗa mai hannu, ko kaf lasan. Rubuta shi da hannunmu na Warshu, mai kauri da nauyi, kada ka kwaikwayi siririn rubutun littattafan bugu. Wannan hannu da muka gada daga Kano da Borno dukiya ce, kuma a tsakanin masu zane na Sudan shi zai bambanta ka. Cika takarda guda da harafin a girmansa na allo. A takarda ta biyu rubuta shi sau ɗaya tak, ya cika fallen daga gefe zuwa gefe, da babban alƙalami. A ta uku sai ka fara karya shi: raba cikin nun da ɗigonsa, ja wutsiyarsa har ta fita daga takarda, kifa shi, jingina biyu baya da baya, ɗora ƙarami cikin babba.

Sannan ka ajiye alƙalami, ka jingina takardar a bango, ka ja baya taku biyar, ka dubi farin da ya rage tsakanin layukan maimakon baƙin. El-Salahi ya sha bayyana cewa da ya karya haruffa sai siffofin tsirrai da dabbobi da fuskoki suka fara fitowa daga cikinsu da kuma sararin da ke tsakaninsu. Na ga haka da idona wurin wata yarinya da nake koyarwa. Ta kifa nun biyu ta haɗa bakinsu, ta zauna shiru tana kallo, can sai ta ce, "Malam, ai wannan ƙwaryar nonon innata ce da faifai a kai." Ba ta yi niyyar zana ƙwarya ba, amma da ta gan ta sai ta ƙara layi uku kawai, kuma wannan takarda ta fi duk abin da ta kwafa daga waya a baya.

Kurakurai biyu ke jiran ka a nan. Na farko shi ne tsayawa a kyakkyawan rubutu, ka yi wa harafi ado a gefe ka ce ka yi zane. Wannan sana'a ce mai daraja, amma daban take. Na biyu shi ne tilasta wa harafin ya zama abin da ka riga ka ƙudurta, kamar ka lanƙwasa shi dole ya zama raƙumi. Bari siffar ta nuna kanta tukuna. Wanda kuma ba ya son zana mai rai ba a rufe masa ƙofa ba, domin yawancin ayyukan Shibrain haruffa ne da siffofi zalla, kuma ƙarfinsu bai ragu ba.

Mataki na 7: Rainon zane daga ƙwaya

Daga takardun makon nan zaɓi siffa ɗaya da ta tsaya maka a rai. Zana ta ƙarama a tsakiyar sabon falle da tawadar bagaruwa. Daga jikinta za ka riƙa fitar da layi, kowane sabon layi ya tsiro daga wanda ya gabace shi, kamar reshe daga gindi. Inda kake son duhu, jera siraran layuka kusa da juna ko ka gitta su, irin yadda ake cika gidajen zayyana, maimakon ka malala baƙi. Aro daga abin da ke gabanka: saƙar faifai da tabarma, sassaƙar ƙwarya, aikin hula, zanen lalle. Dubi ainihin abin a hannunka, kada ka zana shi da ka.

Idan zanen ya kai bakin takarda kuma bai ƙare ba, kada ka matse shi. Kawo wani falle ka jera a gefensa, ka ci gaba. Haka El-Salahi ke aiki, kuma wani babban zanensa na baƙi da fari da ya yi a 1984 zuwa 1985 ya ƙunshi falle tara da aka jera. Ga mai zaune a ɗaki ɗaya ko a gidan aro wannan hanya tana da amfani na zahiri, domin babban aiki yana shiga cikin jaka. Ka riƙa barin wuri fari da gangan. Hannun ɗan koyo yana tsoron sarari, yana so ya cike ko'ina, amma zanen da ba shi da wurin hutun ido yana gajiyar da mai kallo.

Mataki na 8: Sa launi

Launi biyu sun isa a aiki guda, uku su ne iyaka a farko. Tsinka launin da ruwa sosai, ka fara da mai haske, ka bari ya bushe kafin ka ƙara wani hawa. Tsarin yana da muhimmanci: bagaruwa a ƙasa, ruwan launi a kanta bayan ta kwana, baƙar tawadar hayaƙi a ƙarshe. Idan ka juya tsarin, ruwan zai narkar da baƙin ya ɓata aikin kwanaki cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan ya taɓa faruwa da ni a kan aikin da na yi mako biyu ina yi. Bula tana da ƙarfi, ɗigo kaɗan a wuri ɗaya ya fi a watsa ta.

Mataki na 9: Adanawa da bibiyar ci gabanka

Shanya aiki a kwance cikin ɗaki, musamman lokacin habub, wato guguwar ƙura, domin ƙura tana manne wa ɗanyen ƙaro kuma ba ta fita. Kyankyaso yana lasar ƙaro da zuma, gara kuma tana cin takarda, saboda haka ka jera ayyukan tsakanin kwali biyu da farar takarda a tsakanin kowane biyu, ka ɗaure, ka ɗora a sama nesa da bango. Kada ka rufe su cikin leda da damina. A bayan kowane falle rubuta kwanan wata, garin da kake, da kayan da ka haɗa, da fensir. Ɗauki hotonsa da waya a inuwa da safe, wayar tana daidai saitin takardar, ka aika wa wani ɗan'uwa amintacce ya ajiye, domin masu zane da yawa sun bar ayyukan shekaru a Khartum lokacin da suka fita da kayan jikinsu kawai.

Yi ƙaramin zane ɗaya kowace rana har kwana arba'in, ko da na minti goma ne bayan sallar asuba. Ran da suka cika, shimfiɗa su duka a tabarma bisa jerin kwanakinsu, ka duba siffar da ke ta dawowa ba da saninka ba. El-Salahi ya ɗauki shekaru yana zana itace guda, haraz, wato gawonmu da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuma a wasu ayyukan itacen ya koma layuka tsaye kawai. Ware takardu biyar da siffar taka ta fi fitowa a cikinsu, ka rataye su inda za ka riƙa ganinsu, ka jiƙa sabon ƙaro, ka fara jeri na falle goma a kan wannan siffa ita kaɗai, kana sauya abu ɗaya tak a kowane falle: girma, ko kaurin layi, ko launi.